Yadda Ake Ɗaura Adaftar Sifiroket a Hob ɗin Wilin Baya na Keke Mai Inji

Duk wanda ya ɗora wa kekensa ƙaramin inji, irin mai cc 49 ko mai cc 66 da ake sayarwa da sunan 80, ya san kayan da ke zuwa a kwalin don haɗa sifiroket, wato faifan ƙarfe mai haƙora da sarƙa ke hawa, da wilin baya: faifan roba biyu masu kauri, 'yan ƙarafa masu lanƙwasa, da noti tara. Ana matse sifok ɗin wilin a tsakanin robobin, ƙarfin inji ya biyo sarƙa ya sauka a kan sifiroket, daga nan ya faɗa kan sifok. To, sifok ba a yi shi don wannan wahala ba. Waya ce siririya, kaurinta milimita 2 a yawancin kekuna, aikinta ta ɗaure rim da hob ta hanyar ja daga wannan baki zuwa wancan. Idan aka riƙa fizgar ta daga tsakiya duk lokacin da aka murɗa totur, sannu a hankali za ta saki, ta lanƙwashe, ta karye a gwiwarta. Ita kuma robar ba ta barin sifiroket ya zauna a tsakiya sosai, shi ya sa za ka ga sarƙa tana ɗamewa tana saki a kowane zagaye, har wata rana ta sulluɓe ta maƙale tsakanin wili da firam.

Adafta tana kawar da wannan matsala daga tushe. Ƙarfe ne, galibi na alminiyom da aka sassaƙa da na'ura, an raba shi gida biyu. Ɓangarorin biyu suna rungumar jikin hob, wato cibiyar wilin, a tsakanin kunnuwansa biyu da sifok ke shiga. Daga jikinta ƙafafu uku suke fitowa, su ratsa ta tsakanin sifok zuwa hagu, a kansu ake ɗaure sifiroket. Ƙarfin inji sai ya shiga hob kai tsaye, hob kuma ya raba shi ga sifok ɗin duka, kamar yadda yake yi idan ana tuƙa feda.

Amma ka riƙe abu ɗaya tun yanzu: babu abin da ke riƙe adafta a jikin hob sai matsi. Ba walda, ba ƙusa da ta ratsa. Idan faɗinta bai dace da na hob ba, ko aka bar maiƙo a wurin, za ta zame, ƙafafun nan uku su daki sifok da ƙarfin inji gaba ɗaya. Ɓarnar da hakan ke yi ta fi ta roba muni. Don haka rabin wannan aiki awo ne.

Awo kafin saye

Nemi kalifa, wato ma'aunin kauri mai baki biyu, ko da aro ne. Tef ɗin awo ko rula ba za su ba ka gaskiyar da ake bukata ba, domin rabin milimita a nan babban abu ne. Goge tsakiyar hob tas, ka zura kalifar ta tsakanin sifok, ka auna kaurinsa a wuri uku: kusa da kunnen hagu, tsakiya, da kusa da kunnen dama. Juya wilin kaɗan ka sake aunawa. Rubuta lambobin.

Abin da kake nema shi ne wuri miƙaƙƙe mai kauri ɗaya, wanda tsawonsa ya kai faɗin adaftar. Yawancin waɗanda ake sayarwa girma biyu ne: inci 1, wato milimita 25.4, da inci 1.5, wato milimita 38.1. Ta inci 1.5 ita ce aka fi yi wa hob mai birkin feda, wanda ake taka feda baya keke ya tsaya, domin jikinsa na da kauri saboda kayan birkin da ke ciki. Akwai kuma masu ƙera adafta daidai da wani hob na musamman, misali Shimano CB-E110, kuma idan ka samu wadda aka yi wa hob ɗinka ita ce gaba da kowace. Idan kuwa hob ɗinka mai siririn ƙugu ne, ya yi faɗi a gefe ya tsuke a tsakiya, ka haƙura da adafta mai runguma. A kan jiki mai gangare ba za ta taɓa zama daidai ba, komai ɗaurin da ka yi mata. Canza wili ya fi maka sauƙi da aminci.

Sai ka ƙirga sifok. Wili mai sifok 36 yana da 18 a kowane gefe, kuma 18 na rabuwa uku daidai, saboda haka ƙafafu uku za su sami tagogi iri ɗaya su fita. Wili mai 32 yana da 16 a gefe, ba ya rabuwa uku, sau da yawa ƙafa biyu su wuce ta ukun ta ci karo da sifok. Kada ka ce za ka lanƙwasa sifok ko ka cire ɗaya don ka ba ta hanya.

Idan hob ɗinka na birkin faifai ne mai rami shida a hagu, akwai wata adafta dabam da ake ɗaurewa a waɗannan ramukan, masu da'irar milimita 44 da noti M5, wato mai kaurin milimita 5. Wannan ta fi mai runguma ƙarfi tunda ba ta dogara da matsi ba. Sai dai ka tabbata ba ka rasa birkin baya a dalilinta ba.

Duba kuma ramukan sifiroket. Wanda ke zuwa da inji yana da rami tara, adafta da yawa suna hawa uku daga cikinsu, amma ba duka ba, domin da'irar ramukan da girman notin kan bambanta. Ramin tsakiyarsa ma dole ya isa ya wuce kan kunnen hob ko murfin ƙurar birki. Mafi sauƙi ka sayi adafta da sifiroket ɗinta tare. Kaurin haƙora shi ma a lura da shi: sarƙa lamba 415 da lamba 410 tazarar gaɓoɓinsu ɗaya ce, milimita 12.7, amma cikin 415 ya kai milimita 4.76, na 410 kuwa kusan 3.2. Sifiroket mai kaurin 415 ba zai karɓi 410 ba.

Haƙora nawa?

Tunda za ka kwance komai, yanzu ne lokacin yanke wannan shawara. Injinan nan masu bugu biyu suna da ragin juyi a cikinsu na 4.1, wato inji na juyawa sau 4.1 kafin ƙaramin sifiroket na gaba ya juya sau ɗaya, shi kuma haƙora 10 ne. Da sifiroket mai haƙora 44 a baya, inji zai juya kusan sau 18 kafin wili ya juya sau ɗaya. A wili mai inci 26, wanda zagayensa ya ɗan haura mita 2, idan inji na juyi 6,000 a minti, gudun zai kai wajen kilomita 41 a awa. Mai haƙora 36 zai ba da wajen 50, mai 50 kuma wajen 36. Ƙarancin haƙora na ƙara gudu ya rage ƙarfin tashi da hawan tudu, yawansu kuma akasin haka. Ni dai ina ganin 40 ko 44 ya wadatar da yawancin mutane. Keke birkinsa da firam ɗinsa na keke ne, kuma gudun da ba ka iya tsayar da shi ba riba ba ce.

Kayan aiki

Sifana 15 don notunan aksil, jerin alanki, wato makullan noti masu kusurwa shida, masu kyau da bakinsu bai cinye ba, filaya, abin yanke sarƙa, magagari, samfefa mai laushi, tsumma mai tsabta, abin wanke maiƙo irin na birki ko sifirit, gam ɗin noti shuɗi kamar Loctite 243, maka mai rubutu a ƙarfe, miƙaƙƙen ƙarfe ko doguwar rula, da 'yan igiyoyin roba masu zugewa. Idan akwai sifana mai awon ɗauri, madalla. Wasu adaftoci, musamman ƙirar Amurka, notunansu na awon inci ne. Gwada alankin tun kafin ka fara, ya shiga cif ba ya rawa, domin alankin milimita a kan notin inci shi ke cinye kan noti.

Cire wili da duba lafiyarsa

Kashe inji, rufe makunnin mai, zare hular fulogi. Kada ka kifa keken a kan sirdi kamar yadda ake yi wa keken da ba inji, mai zai zubo. Rataye bayansa ko ka ɗora shi a kan abin da zai ɗaga wilin daga ƙasa. Matse kulochi ka kulle shi da maɓallinsa don sarƙa ta sami sakewa.

Buɗe makullin sarƙar inji ka ajiye 'yan ƙananan sassansa a cikin murfi ko kofi. Idan birkin feda ne, kwance notin da ya ɗaure hannun birki da firam. Sassauta notunan aksil, sauke sarƙar feda, fito da wilin. Ɗauki hoton yadda washa-washa suke jere a kowane gefe, zai yi maka amfani anjima.

Cire tsohon maƙalin roba gaba ɗaya, sannan ka tsaya ka dubi sifok ɗin da suka sha matsi. Wanda ya lanƙwashe ko ya yi zane mai zurfi, canza shi. Matsa su bibbiyu da yatsu, za ka ji wanda ya saki. Riƙe aksil ka girgiza: in yana kaɗawa, kon, wato notin da ke matse boris a kan aksil, na bukatar gyara, in yana gurzawa yana ƙara, boris na bukatar giris ko canji. Wilin da ke rawa a kan aksil ɗinsa ba zai bari ka daidaita sifiroket ba, kuma za ka ɓata yini kana zargin adafta alhali laifin na boris ne. Rim ɗin da ya karkace ma a miƙar da shi yanzu.

Mai birkin feda zai cire hannun birkin don sifiroket ya wuce. Noti ɗaya ne ke riƙe da shi a kan aksil. Yayin da kake kwance shi, kada ka bar kon ɗin da ke ƙarƙashinsa ya juya ko aksil ya zare, in ba haka ba kayan cikin hob za su watse.

Ɗora adaftar

Wanke tsakiyar hob da abin wanke maiƙo har sai farin tsumma ya fito fari. In akwai sitika, ɓare ta, ka goge gam ɗinta. In fenti ne mai kauri ko tsatsa, bi shi da samfefa sama-sama, ba wai ka rage ƙarfen ba. Cikin adaftar ma a wanke, domin sabuwa takan zo da ɗan man na'ura a jikinta. Daga nan kada yatsa mai maiƙo ya sake taɓa wurin, kuma kada giris ya kusanci inda ƙarfe zai rungumi ƙarfe.

Kwantar da wilin, gefen hagu yana sama. Raba adaftar biyu. Zura ɓangaren farko ta tagar sifok mafi faɗi, ka juya shi a ciki har ya kwanta a jikin hob, ƙafafunsa na kallon hagu. Zura na biyu ta ɗaya gefen. Wannan mataki na bukatar haƙuri, wani lokaci sai ka gwada taga biyu ko uku kafin ka sami wadda za ta karɓa. Ɗan ture sifok da yatsa ba laifi, amma ban da sa sukundireba a ɓanɓare. Idan ƙafafun naka masu kwancewa ne, shigar da jikin tukuna, ka ɗaura su daga baya.

Sa notunan runguma da hannu kawai, har adaftar ta kama amma tana iya juyawa da zamewa in an tura ta. Yanzu juya ta a hankali kana kallon ƙafafun uku, har kowace ta tsaya a tsakiyar tagarta ba ta taɓa sifok ko ɗaya ba. Wasu kan jingina ƙafafun da sifok wai don su tare ta in ta zame. Ban yarda da wannan ba. Ƙarfin da ke kan adafta ba fuska ɗaya yake bi ba: idan inji na ja, sifiroket ne ke tura wili gaba, idan kuma kana tayar da inji da feda ka saki kulochi, wili ne ke jan inji, ƙarfin ya koma baya da fizga. Ƙafar da ke jingine da sifok za ta yi ta dukansa tana cin sa. A bar sarari gaba da baya.

Ga gwajin da ke nuna ko ka sayi daidai. Ƙara matse notunan kaɗan ka dubi tsagar da ke tsakanin ɓangarorin biyu. Dole ne a ga 'yar tsaga a kowane gefe bayan adaftar ta kama hob. Idan ɓangarorin sun haɗe baki da baki alhali tana juyawa da hannu, ta yi wa hob ɗin girma, kuma duk ɗaurin da za ka ƙara, alminiyom ne ke matse alminiyom, hob bai san ana yi ba. Idan kuma tsagar ta yi faɗi sosai har noti ba ya shiga da kyau, kana hango haske a bayan kwarin adaftar, ta yi ƙanƙanta, gefunanta kawai ke taɓa hob.

Girman da bai wuce ɗan kaɗan ba ana iya cike shi da shim, wato siririn ƙarfe da ake sawa a tsakani. Gwangwanin lemo na alminiyom kaurinsa wajen milimita 0.1 ne, zagaye ɗaya yana cike 0.2 a faɗi. Yanka shi gida biyu, kowane ya kwanta a cikin ɓangare ɗaya ba tare da ya shiga tsagar ba, ka kankare fentinsa ka wanke. Kaurin ya zama ɗaya a ɓangarorin biyu, in ba haka ba ka ture sifiroket daga tsakiya da hannunka. Roba, tef ko guntun tsohon tub ba sa cikin lissafi, suna lotsewa da zafi su saki. In tazarar ta kai rabin milimita, mayar da adaftar ka nemo wadda ta dace. Wadda ta yi ƙanƙanta kuwa aikin mai injin dira ne ya buɗe ta daidai. Magagari a hannu ba ya fitar da da'ira ta gaskiya.

Ɗaura sifiroket a tsakiya

Ɗora sifiroket a kan ƙafafun, sa notunansa uku da hannu. Idan mai kwari ne, wato haƙoransa sun ɗan karkata gefe ɗaya, kana da zaɓi biyu: kwarin ya kai haƙora waje ko ya kawo su ciki. Layin sarƙa ne zai faɗa maka wanne, don haka kada ka ɗaure tukuna. Mayar da hannun birki. Duba ko kawunan notuna ko jikin sifiroket na gogar sa idan wili ya juya. Sau da yawa sai an ɗan lanƙwasa hannun a bais, ko a rage bakin murfin ƙura da magagari. Lanƙwasa shi a hankali sau ɗaya, ban da kai da komo, kuma a wajen wilin za ka yi, ba yana kan aksil ba.

Mayar da wilin kan keke, sarƙar feda a wurinta, tayar a tsakiyar firam, notunan aksil a ɗaure madaidaici. Ɗaura igiyar roba mai zugewa a ƙarfen firam na hagu, ka yanke wutsiyarta ta tsaya dab da bakin haƙora. Ita ce ma'auninka. Juya wili a hankali kana kallo.

Rawa iri biyu kake nema. Ta farko sama da ƙasa: haƙora suna matsowa kusa da igiyar a wani wuri, suna ja da baya a wani. Ramukan noti na da ɗan sarari, don haka ka bubbuga sifiroket da ƙotar sukundireba daga inda ya yi tudu, ka sake juyawa, har ya daidaita. Ta biyu gefe da gefe: mayar da igiyar ta kalli fuskar sifiroket. In yana lilo, ko adaftar ta zauna a karkace, ko wata ƙafa ba ta shiga mazauninta sosai ba, ko datti ya shiga tsakani, ko shi kansa sifiroket ɗin ya lanƙwashe. Kwantar da shi a kan gilashi za ka gane. Ka nemi rawar ta gaza milimita 1 ta kowace fuska. Da adafta mai kyau wannan ba wuya, kuma a nan ne za ka fara ganin bambancinta da roba.

Layin sarƙa

Babban alherin adafta shi ne tana zamewa hagu ko dama a jikin hob, ka kai sifiroket inda kake so. Cire murfin ƙaramin sifiroket na inji. Kwantar da miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar sifiroket na baya, ka miƙa shi gaba. Ya kamata ya sauka a fuskar na gaba ba tare da tsaga ba. Idan ya wuce ta waje, tura adaftar ciki, idan ya faɗa ciki, jawo ta waje. Sannan ka ɗora sarƙa, ka tsuguna a bayan keke ka rufe ido ɗaya: sarƙar ta tafi ɗoɗar, haƙora suna shiga tsakiyar gaɓoɓi ba suna gogar gefe ɗaya ba.

Sarƙa na bukatar sarari daga taya da kuma daga firam, aƙalla 'yan milimitoci ko'ina, domin tana kaɗawa idan ana gudu. Taya mai faɗi ita ta fi kawo rikici a nan. Idan ka jawo sifiroket waje don kauce wa taya har layi ya lalace, ba ka warware komai ba. Ko ka sa taya mai ƙarancin faɗi, ko ka sake duba zaman injin a kan firam, wataƙila shi ne ya karkace. Bayan kowace turawa sake leƙa ƙafafun nan uku, domin matsawa kaɗan na iya kawo ƙafa jikin sifok.

Ɗaurin ƙarshe

Da komai ya zauna, yi wa adafta da hob alama da maka don ka gane in ta motsa. Cire notunan runguma ɗaya bayan ɗaya, ba duka lokaci guda ba, ka ɗiga wa kowane gam shuɗi a tiredi ka mayar. Ɗiga ɗaya ya isa. Ka guji jan gam, shi sai da wuta ake kwance shi, kuma wata rana za ka so canza sifiroket.

Ɗaure su da kaɗan-kaɗan, wannan gefe rubu'in juyi, wancan gefe rubu'in juyi, kana tsallakawa kamar yadda ake ɗaure notunan tayar mota. Idonka na kan tsagar biyu, su riƙa tsukewa tare. In ka gama gefe ɗaya kafin ɗayan, adaftar za ta karkace, wahalar daidaitawar da ka sha ta tafi a banza. Idan maƙerin ya rubuta awon ɗauri, bi nasa. In bai rubuta ba, noti M6 na ƙarfe mai kyau ba ya son wuce wajen Nm 10 a sifana mai awon ɗauri, musamman da yake tiredin cikin alminiyom yake. Kada ka ƙara wa alanki bututu. Tiredin alminiyom ba ya gargaɗi, kana cikin ɗauri za ka ji ya yi laushi, shi ke nan ya cinye. Notin kuma ya shiga ciki aƙalla ninki ɗaya da rabi na kaurinsa, wato wajen milimita 9 ga M6.

Yi wa notunan sifiroket uku haka, da gam, da zagayawa sau biyu ko uku. Sake juya wili a gaban igiyarka ka tabbata ɗaurin bai ture komai ba, kuma wilin na juyawa sakayau. Loctite 243 na ɗaukar awa 24 kafin ya kama sosai. Ba shi wannan lokacin.

Sarƙa da tenshona

Idan ka canza yawan haƙora, tsawon sarƙa zai canza. Sarƙa rabin sifiroket take naɗewa, saboda haka sauka daga 44 zuwa 36 na rage wajen gaɓa 4. Kada ka yanke da lissafi kawai: naɗa ta a kan sifiroket biyun, haɗa bakunan a kan na baya, ka ga inda suka haɗu. Wurin sa makulli, rufaffen kan ƙulli ya kalli inda sarƙa ke tafiya, buɗaɗɗen ya kalli baya.

Juya wili ka nemo inda sarƙa ta fi ɗamewa, a nan za ka daidaita ta, tana motsi sama da ƙasa wajen milimita 12 zuwa 15 a tsakiyarta. Ɗamammiyar sarƙa na cin boris na inji da na wili, kuma tana jan adafta ba dalili.

Tenshonar da ke zuwa da inji, wato gargaren da ke ɗame sarƙa, mai kama ƙarfen firam da noti, ina roƙonka ka ba ta kulawa ta musamman. Idan ta juya ta faɗa cikin sifok ana gudu, wilin baya tsayawa yake cak. Ɗaure ta sosai, ka ɗan murɗa ƙarfenta har gargarenta ya bi layin sarƙa, sannan ka kama ta da hannu ka gwada tura ta wajen wili da ƙarfinka. In ta motsa, ba ta ɗauru ba. Wanda ya dace har sarƙoƙinsa biyu suka ɗame daidai ba tare da ita ba, ya cire ta ya huta.

Kada ka manta da hannun birki. Mayar da maɗaurinsa a firam da noti mai kulle kansa. In ya kuɓuce, taka birki zai juya shi ya naɗe, birki ya tafi. Kuma keke mai inji bai kamata ya dogara da birkin feda kaɗai ba, tunda sarƙar feda na faɗuwa birkin ya ɓace. A sa na gaba mai kyau.

Gwaji

Fara da inji a kashe, kulochi a kulle. Tura keken, sannan ka hau ka tuƙa feda a fili kana saurare. Ƙarar ƙas-ƙas mai maimaituwa a kowane zagaye na nufin wani abu na taɓa wani: kan noti da hannun birki, ko sarƙa na hawa kan haƙori. Sarƙar da ke ɗan tsalle a sabon sifiroket takan daina in an goge kaifin gefen haƙora da magagari kaɗan, amma sai bayan ka tabbatar layi daidai yake. Duk gyaran da za ka yi kusa da sarƙa, inji ya kasance a kashe.

Sannan ka mayar da hular fulogi, buɗe mai, ka tayar. Yi gudu kaɗan da feda kafin ka saki kulochi, ka sake shi a hankali. Zagaya na 'yan mintuna ba tare da murɗa totur duka ba, ka tsaya ka dubi alamar maka. In layin bai rabu ba, ƙara tafiya, ka haɗa da ɗan tudu, ka sake dubawa. In ya rabu ko da kaurin farce ne, kada ka ce bari in ƙara ɗauri in ci gaba. Kwance, duba tsagar ko ta rufe, sake wanke wurin, gyara shim. Idan awo daidai ne amma hob ɗin mai santsin kurom ne, ɗan karce shi da samfefa, ko ka shafa gam ɗin da ake riƙe boris da shi, irin Loctite 641, a tsakanin adafta da hob kafin ka ɗaure. Huda hob don a sa ƙusa kuwa kada ka fara, ballantana mai birkin feda da kayan birki ke cikinsa.

Sabuwar sarƙa takan saki a tafiye-tafiyen farko, notuna kuma sukan zauna. A makon farko, kafin kowace fita, dubi alamar, taɓa kowane noti da alanki ba tare da ka karya gam ɗin ba, gwada sakin sarƙa da yatsa, ka girgiza tenshona. Bayan nan ka mayar da shi duk lokacin da za ka sa wa sarƙa mai, kuma ka riƙa sabunta layin maka idan ya fara gogewa.